Fitilar da Na Kusa Ɗorawa a Sikeli

Sana'ata sayen tsohon ƙarfe ce. Shekara goma sha bakwai ke nan ina zaune a rumfa ɗaya a New Bell, ana kawo mini dalma da tagulla da gorar ruwa da baƙin ƙarfe, ina aunawa ina biya. Duk wanda ya san harkar gwangwan ya san ba mu tambayar kaya tarihinsu. Nauyinsu muke tambaya.

Wata Asabar da hantsi, ruwan Duwala ya ɗan tsagaita, sai ga wani saurayi da buhu a kafaɗa. Ya ce kakansu ne ya rasu, suna share ɗakinsa. Ya zazzage: tsofaffin makullai, ƙafar keken ɗinki, murfin tukunya, da wata fitilar hannu mai kusurwa huɗu da tsatsa ta ci gindinta. Na ɗaga ta zan jefa a sikeli ke nan, autana mai shekara goma, wanda yake taya ni zama ranar da babu makaranta, ya riƙe mini hannu.

"Baba, dubi, gilashinta biyu. Ja da kore."

Na duba. Akwai wani ɗan maƙalli a sama, idan ka murɗa sai jan gilashi ya zo gaba, ka sake murɗawa kore ya maye gurbinsa. Yaron ya ce, "Ta mene ce?" Na ce ta jirgin ƙasa ce. Ya ce, "Me ake yi da ita?" Nan na tsaya. Ni da mahaifina ya ciyar da mu shekara talatin da albasa da goron da jirgin nan yake ɗaukowa, ni da aka haifa inda ƙarar jirgi take girgiza kwanon ɗakinmu, na kasa ba ɗana amsar da ta wuce kalma uku.

Na biya saurayin kuɗinsa, har da ɗan ƙari. Fitilar kuwa na rataye ta a ƙusa.

Tsohon da ke bayan masallaci

A bayan masallacin unguwarmu akwai wani dattijo da ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya. Kullum muna gaisawa, ban taɓa zama na tambaye shi komai ba. Bayan la'asar na ɗauki fitilar da yaron muka tafi. Da ya karɓe ta sai ya yi shiru, ya shafa ta kamar mai shafa kan jika.

Ya ce, "Ɗana, a ina ka samo wannan?"

Na gaya masa. Ya ce, "Da ka fasa ta ko?" Na ce, "Saura ƙiris, Baba." Ya girgiza kai, ya juya wurin yaron. Ya nuna masa yadda mai tsaron tarago yake tsayawa cikin duhu ya ɗaga fitila: ja, direba ya tsaya, kore, hanya ta buɗe. Babu waya a aljihu, babu rediyo a hannu. Rayukan mutum ɗaruruwa suna rataye da ɗan lagwani da kananzir da idon direba.

Daga fitila hira ta gangara. Ya ce shi a zamanin injin dizal ya yi aikinsa, amma yana yaro ya ga kan jirgi mai tururi. Ya zana wa yaron a ƙasa da sandarsa: ga murhu a baya inda ake zuba itace ko kwal, ga doguwar tukunyar ruwa a kwance, wuta tana bi ta cikin bututai tana tafasa ruwan. Tururin da ya taru ba shi da mafita sai ta wani bututu, ya je ya tura wani ƙarfe gaba, ya dawo ya tura shi baya, sandunan da ke haɗe da shi su juya ƙafafun. "Butar shayi ce mai ƙafa," in ji shi. Shi ya sa tsofaffin tashoshi suke kusa da ruwa, domin irin wannan jirgi yana shan ruwa fiye da garken shanu.

Muka fito bayan magariba. A hanya yaron ya ce, "Baba, me ya sa ba ka taɓa kawo ni ba?" Ban amsa ba.

Yadda dogo ya zo garin nan

Tun daga ranar na shiga bin labarin, na tambayi tsofaffi, na sa babbar 'yata ta karanta mini abin da aka rubuta da Faransanci. Ga abin da ya kamata kowane ɗan New Bell ya sani.

Jamusawa ne suka fara shimfiɗa dogo a nan. Layin farko ya tashi daga Bonaberi, hayin kogin Wuri, aka fara aikinsa a 1906, ya isa Nkongsamba a 1911, tsawon kilomita 160. Na biyu ya tashi daga Duwala ya nufi gabas, ya haye kogin Sanaga a Edea, yana yankin Eseka yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914. Faransawa ne suka ƙarasa shi, ya shiga Yawunde a 1927. Wannan ƙarashen, musamman cikin duwatsun Njock, da aikin tilas aka yi shi, mutane da yawa sun mutu a can. Har yau Basawa ba su manta da sunan wurin ba.

Unguwarmu ma 'yar wannan zamanin ce. Jamusawa sun ƙwace filayen mutanen Duwala na bakin kogi, suka tura baƙar fata can baya, inda ya zama New Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya yi tsayin daka a kan ƙwacen, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Daga baya unguwar ta zama masaukin baƙi: Hausawa, Bamileke, Basawa, mutanen Yawunde, 'yan Senegal da sauransu. Yawancinsu tashar jirgin ruwa da reluwe ne suka jawo su. A watan Satumba na 1945 ma'aikatan reluwe suka shiga yajin aiki, abin ya bazu cikin gari, aka yi harbi, aka rasa rayuka. Dattijon namu ya ce yana ɗan shekara bakwai lokacin, abin da yake tunawa shi ne mahaifiyarsa ta tura su ƙarƙashin gado.

Layukan biyu ba su haɗu ba sai da aka buɗe gadar Wuri a 1955. Kafin nan, kayan da suka sauka a Bonaberi sai an haye da su ta ruwa.

Amma layin da ya canza rayuwar gidajenmu shi ne na arewa. An fara shi daga Yawunde a 1964, ya kai Belabo a 1969, ya isa Ngaundere a 1974, kilomita 622. Idan ka haɗa da na Duwala, tafiyar ta kusan kilomita 885. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sha faɗa mana cewa kafin nan shanu da ƙafarsu suke gangarowa kudu, makonni a hanya, su iso ƙashi da fata. Albasa kuwa rabi takan ruɓe a bayan mota idan damina ta yanke hanya. Da jirgi ya zo, sai kwana ya taƙaita, asara ta ragu, ƙaramin ɗan kasuwa ma ya iya shiga. Da ribar taragon albasa aka sayi filin gidan da nake ciki yau.

Hukumar Regifercam ce ta riƙe reluwe tun 1947, har aka miƙa wa kamfanin Camrail a 1999. Reshen Mbanga zuwa Nkongsamba ya daɗe da mutuwa, ciyawa ta rufe shi. Na Ngaundere yana nan, yana ɗaukar mai da katako da auduga da kayan 'yan Cadi. Duk wanda ya taɓa kwana a jirgin dare daga Yawunde ya san ihun masu talla a Nanga-Eboko da Belabo, ayaba da zuma da ƙullin rogo ana miƙo su ta taga cikin duhu. Ya kuma san ranar 21 ga Oktoba 2016, da jirgi ya kife a Eseka, hukuma ta ƙirga mutum 79 da suka rasu. Da daɗin da ɗacin, duka tarihinmu ne.

Abin da na gani a Ebute Metta

Bayan wata uku harka ta kai ni Legas. Na sha zuwa garin, ban taɓa wuce kasuwa da masauki ba. Wannan karon na ware rabin yini na tafi unguwar reluwe a Ebute Metta, inda Jaekel House yake. Gidan bene ne na zamanin Turawa, an gina shi a 1898, wata ƙungiyar masu kishin tarihi mai suna Legacy ta gyara shi a 2010 ya zama ɗan ƙaramin gidan tarihi. An sa masa sunan Francis Jaekel, wani tsohon jami'in reluwe da ya rubuta tarihin dogon Najeriya.

Ba wani katafaren wuri ba ne. Hotuna ne a bango da tsofaffin kayan aiki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yawancin abin da ke ciki irin kayan da ake kawo mini rumfa ne. Da a New Bell ne, da na auna su na biya na manta. A can an goge su, an rubuta bayaninsu, 'yan makaranta suna zagayawa.

A nan na ƙara fahimtar yadda dogo ya juya kasuwancin kakanninmu. Layi ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka so, manoman Kano suka zaɓi gyaɗa, fatake irin su Alhassan Dantata suka shiga saye, har dalar gyaɗa ta tashi a kusa da tasha. Goron da ake kwashe watanni ana tahowa da shi a kan jakuna daga Gwanja ya koma biyo jirgin ruwa zuwa Legas, ya hau tarago zuwa Kano. Ayari ya mutu, amma fatauci bai mutu ba, sai ya sauya hanya. Wannan sauyin ne ya watsa mu gaɓar teku, daga Akara zuwa Legas zuwa Duwala.

Akwai wani abu kuma da na koya: jirgin Najeriya ba zai iya hawa layin Kamaru ba. Faɗin namu mita 1 ne daidai, tsohon layin Najeriya kuwa mita 1 da milimita 67. Bambancin bai wuce faɗin yatsu huɗu ba. Ingila ta zo da ma'auninta, Jamus ta zo da nata, kowa ya ja layinsa daga cikin ƙasa zuwa bakin teku domin fitar da kaya, babu wanda ya damu Kano ta haɗu da Ngaundere. Mu da muke da dangi a ɓangarorin biyu, har yau a mota muke cike wannan giɓin.

Wani abokin harkata Banufe ya ce idan na bi ta Minna in tsaya a tasha, akwai ɗan ƙaramin kan jirgi da aka ajiye, na layin Wushishi na 1901, zamanin da Zungeru take shirin zama hedikwatar Arewa. A Jos kuma an adana wasu kayan ƙaramin jirgin da yake tashi daga Zariya ya hau tudu saboda kuza, wanda aka rufe a 1957.

Waɗanda suka hana a fasa

Labarin da ya fi taɓa ni, a matsayina na mai sayen ƙarfe, na Saliyo ne. A tsakiyar shekarun 1970 ƙasar ta rufe reluwenta gaba ɗaya. Aka tumɓuke layi, aka sayar da injuna da taragu a matsayin gwangwan. Wasu kaɗan aka tura cikin wata rumfar gyara a Cline Town, cikin Freetown, aka rufe. Suka kwana a nan kusan shekara talatin, har yaƙin basasa ya zo ya wuce. A 2005 aka buɗe wurin a matsayin gidan tarihin reluwe na ƙasa. Cikin kayan har da taragon da aka shirya wa Sarauniyar Ingila lokacin ziyararta ta 1961. Yau yaron Saliyo da bai taɓa jin kukan jirgin fasinja ba yana iya zuwa ya taɓa shi da hannunsa, saboda wasu mutane sun ƙi yarda a kai komai sikeli.

A Nairobi ta Kenya an buɗe nasu tun 1971, kusa da babbar tasha. Akwai injunan tururi a jere a fili, da taragon da zaki ya shiga ya fizge wani jami'in Bature a 1900. Faransa tana da nata a Mulhouse, Ingila a York.

Sai kuma masu yin jirgi ƙarami. 'Yata ta nuna mana bidiyon wani wuri a Hambug ta Jamus mai suna Miniatur Wunderland, wanda wasu tagwaye suka buɗe a 2001. Garuruwa ne sukutum a kan tebura, da duwatsu da gadoji da tashoshi, jirage fiye da dubu suna yawo a kan layin da tsawonsa ya haura kilomita 15, fitilu suna mutuwa dare ya yi, su dawo gari ya waye. Ma'auninsu 1 cikin 87 ne: taragon mita 20 yakan dawo santimita 23, taƙi ɗaya ke nan. Na ce wa yaran, daga wannan garin na Hambug jiragen ruwan Woermann suke tasowa su zo Duwala a zamanin Jamus. A nan gida ma, duk wanda ya kai yara gidan tarihin jiragen ruwa da ke Bonanjo ya ga yadda ƙaramin jirgi a cikin gilashi yake tsayar da yaro wuri ɗaya.

Autana ya kalli bidiyon sau uku, ya ce, "Mu ma mu yi namu."

Jirginmu na gwangwani

Ai mu ba baƙin wannan sana'a ba ne. Wane ne a cikinmu bai yi motar kara ko ta langa-langa ba yana yaro? Bambancin kawai shi ne awo. Muka zaɓi 1 cikin 40 domin lissafi ya yi sauƙi: taragon mita 20 ya zama santimita 50, faɗin layi na mita 1 ya zama santimita biyu da rabi. Yaron da malaminsa yake kuka da shi a kan rabawa, sai ga shi da ma'auni da fensir yana raba komai da 40 ba wanda ya sa shi.

Maƙerin da yake yin fitilar aci-balbal a layinmu ya yanka mana gwangwanin madara da na man gyaɗa, ya liƙa da dalma. Ƙafafun murafen kwalba ne bibbiyu a haɗe. Layin kuwa wayar ƙarfe ce a kan guntayen katako. Muka shimfiɗa tsohuwar ƙofa a bayan rumfa, muka zana hanya da fenti: Duwala, Edea, Eseka, Yawunde, Belabo, Ngaundere. Tsumman shuɗin atamfa ya zama Sanaga. Uwargida, wadda da farko ta ce tsufa ne ya fara kama ni, ita ce ta ɗinka ƙananan buhunan albasa, ta cusa musu gero. Ta ce in dai za a yi, a yi daidai: mahaifinta ma ta wannan jirgin ya kawo ta Duwala tana amarya, har tikitin yana cikin akwatinta. Shekara ashirin da aurenmu, ban taɓa sanin tana ajiye da shi ba.

Da muka gama muka ɗauko dattijo a kan babur. Ya zagaya ƙofar sau biyu da sandarsa, ya ce mun yi kuskure: mun sa taragon shanu a gaban na fasinja. "Wa zai zauna a bayan shanu kwana guda?" Yara suka fashe da dariya, muka gyara. Ya zauna a kan benci ya yi ta ba da labari har aka kira isha'i, 'yata tana ɗauka a waya. Sau huɗu muka yi irin wannan zaman. Bayan ƙaramar salla ciwo ya kwantar da shi, yanzu magana tana yi masa wuya. Abin da muka ɗauka ya kai sa'a shida. Da na ƙara jinkirin wata biyu, da babu ko minti ɗaya.

Kafin ka auna

Ba zan ɓoye ba, akwai abin da yake cina. Shekaru kaɗan da suka wuce an kawo mini wata ƙararrawa ta tagulla mai rubutu da lambobi a jikinta. Na ji daɗin nauyinta, na sa guduma. Yanzu na san irinta ake bugawa a tasha kafin jirgi ya tashi. Kuɗin da na samu ko cefanen mako bai yi ba. Da-na-sani ƙeya ce.

Saboda haka ga roƙona ga 'yan'uwana masu harkar ƙarfe, daga New Bell zuwa Briketeri ta Yawunde, zuwa Sabon Zango na Akara. Ƙarfen layi da ƙusoshinsa da wayoyinsa, wannan kowa ya sani, ba a saye: kayan hukuma ne, sata ce, kuma ƙusa ɗaya da aka zare tana iya kifar da jirgin da ɗan'uwanka yake ciki. Amma kayan gado da iyali suke fitarwa daga ɗakin tsoho, fitila, usur, hular aiki, maɓallin riga, farantin tagulla mai lamba, ku dakata ku juya su kafin su hau sikeli. Ku tambayi mai kawowa na wane ne. Sau da yawa shi kansa bai san abin da yake sayarwa ba, idan ka gaya masa sai ya mayar gida.

Ku kuma iyaye mata, akwatunanku sun fi rumfunanmu tarihi. Tsohon tikiti, rasit ɗin kaya, hoton da aka ɗauka a tasha ranar rakiyar alhaji ko amarya, a sa su a leda saboda danshin garin nan, a rubuta suna da shekara a baya da fensir. Idan akwai tsoho a gida da ya yi fatauci ta jirgi, a aje masa waya a gaba a bar shi ya yi magana. Yaranmu da Faransanci suke karatu, da Hausa suke cin tuwo, wasunsu ba su taɓa ganin garin kakansu ba. Idan aka tambaye su yadda aka yi suka zama 'yan Duwala, ya kamata su sami abin nunawa.

Yanzu a rumfata akwai kanta ɗaya da ba ta sayarwa ba ce. Fitilar tana kai, da usur biyu, da tikitin uwargida a cikin gilashi, da wata hular aiki da maƙwabcinmu Basa ya kawo ta mahaifinsa. Ranar Alhamis da babu Islamiyya yara sukan taru a bayan rumfa, autana ya zuba kananzir ya kunna fitilar. Ba mai taɓa jirgin gwangwani sai ya murɗa kore. Makon jiya wata yarinya ta tambaye shi me ya sa layin ya ƙare a Ngaundere bai kai Kano ba. Na ji yana ce mata ta kawo hannunta, zai nuna mata da yatsu huɗu.